Yadda Za Ka Zama Gwanin Ɗanɗanon Zoɓo Ko Da Ba Ka Taɓa Dafa Shi Ba

Ɗan'uwa, sannu da zuwa, samu wuri ka zauna. Idan ka gaji da zama a bayan taro ana miƙo maka gorar zoɓo ba wanda ya damu da ra'ayinka, to yau kukanka ya ƙare. Na yi maka alkawari, ka bi matakan nan yadda na jera su, kafin wata biyu ba za a buɗe kula a wurin suna ko walima a unguwarku ba sai an ce a jira ka. Hanyar nan ba ta taɓa ƙin aiki ba. Mutum ɗaya ne ya gwada ta, wato ni Muttaka, ma'aikacin gwamnati a nan cikin birnin Katsina, kuma ta kai ni har kujerar alƙalanci. Abin da ya faru a kan kujerar za mu zo gare shi, kada ka yi gaggawa.

Mataki na 1: Ka nemi kofi mai ƙafa

A waya na tsinci ilimin nan. Wata Talata aiki ya yi sauƙi a ofis, sai abokin aikina Audu ya nuna mini wani bidiyo. Wani Bature ne riƙe da kofin gilashi mai doguwar ƙafa, da wani jan abu a ciki. Ya jujjuya, ya shinshina, ya kurɓa, ya lumshe ido, sannan ya ce wai yana jin ƙamshin ƙasar kwarin da aka noma inabin. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Abin da ke cikin kofin nasa dai mu ba ma sha, Allah ya tsare mu. Amma launinsa sak na zoɓo.

Na ce wa Audu, “Wannan aikin ai ni ma zan iya.”

Ya ce, “Kai da ko ruwan shayi ba ka iya dafawa ba?”

Na ce, “Shi ka ga ya dafa wani abu?”

Audu ya koma kallon wayarsa. Daga nan na gane na samu hanya.

Don haka ka nufi Babbar Kasuwa, layin masu tangaran, ka sayi kofi mai ƙafa guda ɗaya. Kada ka sayi biyu, wani zai roƙi ɗayan ya zama abokin hamayya. Ka naɗe shi a hankici ka sa a aljihun gaba. Kada ka sa a na gefe in za ka hau babur. Nawa na farko a Ƙofar Ƙaura ya rasu.

Mataki na 2: Kada ka sha da wuri

Bambancin gwani da mai jin ƙishirwa shi ne jinkiri. Idan aka miƙo maka gora, ka karɓa da hannu biyu, ka ciro kofinka a hankali, ka zuba kaɗan. Ka ɗaga shi wajen hasken rana ka ƙura masa ido, kamar kana duba ko wani naka ya faɗa ciki. Ka jujjuya sau uku. Ka kai hanci. Ka ce “hmm.” Ka sake cewa “hmm,” amma wannan karon da ɗan damuwa.

Sai ka kurɓa, ka riƙe a baki har sai hirar da ake yi kusa da kai ta tsaya. Idan ba ta tsaya ba, ka yi gyaran murya da bakinka a rufe. Wannan yana buƙatar atisaye, ka fara a gida a bayan ɗaki.

Ɗan hannunka mai sanda: kada ka yi jujjuyawar nan sanye da farar shadda. Matata Nafisa ta yi kwana biyu tana fama da tawa, daga ƙarshe ta ce in ba mai rini ya ƙarasa abin da na fara. Tun daga ranar kayana na fita duk masu duhu ne, mutane kuma suka ɗauka alamar sana'a ce.

Mataki na 3: Ka ba kowane zoɓo garinsu

Nan ne zuciyar ilimin. Duk zoɓon da aka ba ka, ka faɗi garin da aka noma shi. Idan yana da tsami, na Jibiya ne. Idan ya yi duhu, na Mani. Idan ruwa ya yi masa yawa, ka ce na Kaita ne, an yi ruwa sosai bana. Idan ba ka ji komai ba saboda mura, ka ce na Batagarawa, ka ƙara da “gonar da ke gangaren rafi.” Kowane gari yana da gangaren rafi.

Kada ka ji tsoron a kama ka. Zoɓorodo ba ya zuwa kasuwa da katin shaida.

Na fara gwada wannan ne ranar sunan 'yar Audu. Muna zaune a ƙofar gida bayan an yi addu'a, aka fito da kula. Na ciro kofina, na yi duk abin da na koya maka, har wani dattijo ya tambayi na kusa da shi ko lafiyata ƙalau. Sai na buɗe ido na ce, “Wannan na Batagarawa ne. Na daminar bara, ba na bana ba.”

Wani ya leƙa cikin gida ya tambaya. Ya fito yana salati: ashe surukar Audu ce ta zo da shi daga Batagarawa. Wurin ya ɗauki “ikon Allah.” Audu ne kaɗai bai yi mamaki ba, don ya san ni na raka shi ɗaurin aurensa a Batagarawa, kuma ni na taya shi sauke buhun zoɓorodon daga mota ana gobe suna. Amma ranar sunan 'yarsa ce, ba zai tsaya tona asirin baƙo ba.

Darasi: ka fara da gidan da ka san kayan cikinsa.

Mataki na 4: Ka daina cewa “da daɗi”

Kowa ya iya cewa da daɗi. Kai gwani ne, dole maganarka ta sa mutum ya koma gida yana tunani. Ka yi wa zoɓo magana kamar mutum. Ka ce, “Wannan yana da kunya, sai an jima yake sakin jiki.” Ko ka ce, “Ya fara da gaisuwa, ya ƙare da faɗa.” Idan citta ta yi yawa ka ce yana da tsiwa irin ta 'yar fari. Idan sukari ya yi yawa ka ce ɗan siyasa ne.

Sannan dole ka sami abin rainawa. Gwanin da ke yabon komai ba a daɗewa ake daina kiran sa. Ni abin da na zaɓa shi ne wanda na laƙaba wa suna “zoɓon yau da kullum,” wato wanda ba a sa masa abarba ba, ba kankana, ba kokwamba, ba filebo na ƙara ƙamshi, daga citta sai kanumfari. Da na ji irinsa sai in ajiye kofi in yi ajiyar zuciya in ce, “To, ba laifi, ga mai jin ƙishirwa.”

Cikin sati biyar aka fara kira na a waya. Akwai walimar saukar da aka ɗaga buɗe kula minti ashirin saboda ina kan hanya.

Mataki na 5: Ka rage zuwa wurin waɗanda suka san ka tun kana yaro

Wannan matakin yana da ɗaci, amma babu makawa.

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, Gwaggo Rakiya, a Ƙofar Marusa. A hannunta na yi makarantar firamare har na gama sakandare. Shekararta kusan talatin tana dafa zoɓon sayarwa, da shi ta riƙe gidanta tun rasuwar mijinta. Har na yi aure ba ta daina aiko mini da gora biyu kowace safiya ba, mai babur maƙwabcinta ke biyowa da su. Ni kuma ina sha a tsaye a bakin firji, ba kofi ba jujjuyawa, in ajiye gora in fita.

Da labarina ya kai mata, na je gaishe ta ranar wata Juma'a. Mun gaisa, ta tambayi aiki, ta tambayi Nafisa, ta tambayi gajiya. Sannan ta dube ni ta ce, “Kai Muttaka, mi nike ji? An ce kana bin gidajen mutane kana shinshina masu zoɓo.”

Na ce, “Gwaggo, ilimi ne na zamani.”

Ta ce, “To. Allah shi ba da sa'a.” Ta ci gaba da tsince zoɓorodonta a faifai.

Daga ranar na rage zuwa. Sati ɗaya ya zama biyu, biyu suka zama shida. Gorunan dai ba su daina zuwa ba, ni ma ban daina sha ba. Ka lura da wannan dabara: kana iya guje wa mutum ba tare da ka guje wa kayansa ba.

Mataki na 6: In aka kira ka alƙalanci, ka ja aji kaɗan sannan ka amsa

Kiran ya zo daga Hajiya Zuwaira, shugabar wata ƙungiyar mata masu sana'ar abin sha. Ta ce akwai wani Alhaji Hussaini mai gidan abinci kusa da tasha, yana neman mace ɗaya da za ta riƙa kawo masa zoɓo kullum. Matan ƙungiya duk suna so, don aiki ne da zai ɗauke wa mutum yawon neman ciniki, har an fara 'yan maganganu. Shi ne suka yanke shawarar a yi gasa, a kawo wanda ya san abin ya raba gardama.

Na ce, “Hajiya, bari in duba ko ina da lokaci.” Na rufe wayar, na ƙirga goma, na kira ta na ce na samu.

Nafisa tana jin mu. Ta ce, “Kai fa wannan ba wasan ƙofar gida ba ne. Abincin mutane ne.”

Na ce mata ta bar gwani da aikinsa. In matarka ta faɗa maka irin wannan, kai ma haka za ka ce. Ba don daidai ba ne, don dai haka tsarin yake.

Mataki na 7: Ka yabi ɗaya, ka kashe ɗaya

Ranar Asabar bayan azahar aka yi taron, a wani ajin makarantar firamare. An sa mini tebur a gaba, Alhaji Hussaini na gefena, mutum mai jiki da yawan dariya. A kan teburin jug bakwai, kowanne da lamba, ba suna. Mata sun fi arba'in zaune a kan tabarmi can baya, duk cikin hijabi. Ban tsaya duba fuskoki ba. Gwani ba ya kallon jama'a, jama'a ke kallon sa.

Na fara. Lamba ɗaya na ce na Mani ne, yana da nauyin baki. Lamba biyu na Kaita. Lamba uku kuwa an zuba masa duk abin da ke kasuwar 'yan lemo, har da wani ƙamshi kamar na alewa. Na lumshe ido na daɗe. Na ce, “Wannan na Jibiya ne, kuma ya yi karatu.” Aka yi guɗa daga baya.

Na zo kan lamba biyar. Na zuba, na jujjuya, na kurɓa. Citta, kanumfari, tsami daidai, zaƙi daidai. Bakina ya ce mini ya san wannan. Ni kuma na fassara hakan da cewa abu ne na gama-gari. Kafin in gama shirya maganata na ga kofin ya ƙare, na ƙara zubawa, shi ma ya ƙare. Sauran duk kurɓa ɗaya na yi musu.

Na ajiye kofi na yi ajiyar zuciyar nan tawa. Na ce, “Wannan ba shi da gari, ba shi da labari. Zoɓon yau da kullum ne, irin wanda mutum zai sha kofi uku bai san ya sha ba. Mai shi ta ƙara ƙoƙari.”

Sai wata murya daga kan tabarma ta ce, “Kai Muttaka. Maimaita, ban ji ba.”

Ɗan'uwa, akwai muryar da ko kana cikin kasuwa ranar Juma'a za ka tsince ta. Gwaggo Rakiya ta dafa bango ta miƙe.

Ta ce, “Shekara nawa kana shan shi? Ranar da ka dawo daga jarrabawa kana kuka, mi na ba ka? Ko da sahen nan gora biyu na aika maka. Ko ba su iso ba?”

Na ce, “Sun iso, Gwaggo.”

“To shi ne ba shi da gari.” Ta juya ga matan. “Kuma ku gaya mashi inda munka sayo.”

Mai lamba uku, wadda na ce nata ya yi karatu, ta rufe baki da hijabi tana dariya. Ta ce, “Malam, ai buhu ɗaya muka saya a Babbar Kasuwa ranar Laraba, mu bakwai muka raba.”

Ban taɓa sanin mata arba'in za su iya dariya a tare haka ba. Har mai gadin makarantar ya leƙo.

Mataki na 8: Kada ka gudu

Ba don jarumta ba. Ajin ƙofa ɗaya gare shi, kuma tabarmin matan a bakinta suke.

Ka zauna ka ƙura wa kofinka ido. Ina cikin haka Alhaji Hussaini ya share hawayen dariya, ya jawo jug mai lamba biyar, ya zuba a kofin roba ya shanye. Ya ƙara. Sannan ya dafa kafaɗata.

Ya ce, “Malam Muttaka, ni direbobi nake ciyarwa da 'yan kasuwa. Mutum ya ci tuwo da rana tsaka, ba ya neman zoɓon da ya yi karatu. Wanda zai sha uku bai sani ba, shi nake nema. Hajiya Zuwaira, in ba damuwa, wannan nake so kullum. Mai lamba uku kuma, in an ba ni aikin biki zan neme ta, don nata na ado ne.”

Aka yi guɗa. Mata suka kewaye Gwaggo suna mata barka. Ta amsa wa kowa, ta yi wa Alhaji godiya, ta ɗauki jug ɗinta ta wuce ta gabana ba ta ko dube ni ba.

Mataki na 9: Ka ce da gangan ka yi

Washegari gora ba ta zo ba. Na buɗe firji sau uku. Nafisa ta ajiye mini ruwan sanyi a gabana da ladabin da ya fi zagi ciwo.

Da la'asar na sayi goro da turare na nufi Ƙofar Marusa. Na same ta a tsakar gida, manyan tukwane biyu a kan wuta, don aikin Alhaji zai fara Litinin. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa a gajarce. Sai na kawo maganar da na shirya tun a hanya.

Na ce, “Gwaggo, ai dabara ce. Na san abin da Alhaji ke nema, shi ya sa na faɗi haka don ya zaɓi naki.”

Ta ci gaba da juya tukunya. Can ta ce, “Muttaka, ni na koya maka magana, ba ni za ka yi ma ƙarya ba. Zagin bai dame ni ba. Da ka gane shi ka zage shi, sai in ce rashin kunya ce ta ɗan yau, in ja maka kunne a wuce wurin. Amma ba ka gane shi ba. Hannuna ne a ciki, ba ka gane ba.”

A nan dabara ta ƙare mini. Na duba duk kalmomin da na tara, mai kunya da mai tsiwa da ɗan siyasa, babu wadda za ta yi aiki. Na ce, “Ki yi haƙuri, Gwaggo. Na yi wauta.”

Ta gyara itace a murhu. Sannan ta turo mini faifai da ƙafa, cike da zoɓorodo.

“Tsince. Akwai tsakuwa da kara. In ka gama ka wanke sau uku, yashi na kwanciya a ƙasa. Tunda gwani kake, ka san abin da kake gwaninta a kai.”

Saboda haka wannan matakin, gaskiya, ka tsallake shi. Na bar shi a jerin ne don kada lissafin lambobi ya rikice.

Mataki na 10: Ka saba da jan hannu

Asabar shida na yi ina zuwa. Na koyi cewa in ka bar shi ya daɗe a wuta yana ɗaci. Na koyi cewa ba a zuba sukari sai an tace, kuma citta ɗanya da busasshiya ba aikinsu ɗaya ba. Tafin hannuna ya rine, a ofis Audu ya riƙa tambayata wane gari aka noma lallen.

A Asabar ta shida ta bar ni na dafa ƙaramar tukunya ni kaɗai, tana zaune a kujera tana kallo. Da ya huce na zuba mata a kofinta na roba mai marfi. Ta kurɓa sau ɗaya, ta ajiye.

Ta ce, “Citta ta yi yawa. Amma ana sha. Zuba ma Nafisa a gora, ka tahi da shi. Ka dawo Asabar.”

Ranar Litinin mai babur ya buga mana ƙofa da sassafe. Gora ɗaya ce, ba biyu ba. Na tambaye shi ko ɗayar ta faɗi a hanya. Ya ce a'a, Gwaggo ta ce wannan ta matar gidan ce, in maigidan yana so ya roƙe ta.

Ina roƙa, kuma ana sam mini.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora ba shi da alhakin duk wata shadda da ta ɓaci, ko kofin da ya fashe a aljihu, ko zumuncin da ya yi tsami sakamakon bin waɗannan matakai. Garuruwan da aka ambata ba su san an ambace su ba, kuma ba su da laifi. Duk wanda aka yi wa dariya a bainar jama'a kada ya neme ni a ofis, ranar Asabar kuma ina da aiki. Wanda ya ga zai iya, ga fili nan. Shawarata ɗaya ce kyauta: in kana da gwaggo, kafin ka hau kujerar alƙalanci ka fara tambayar ta inda za ta ranar.